Igiyar Banjiro

"Ɗaga ƙafar hagu," in ji Nadine.

Marlon ya ɗaga. Tana durƙushe a gabansa a ɗakin otal, tana ɗaure masa ƙafar katakon da ke ƙara masa tsawo har kansa ya kusa taɓa rufi. Ta ja maɗaurin, ta zura yatsu biyu a ƙarƙashinsa ta ji ko ya matse shi, kamar yadda take yi kowace shekara. Shi kuwa yana kallon tsakiyar kanta, inda wasu 'yan furfura suka leƙo. Bai san su ba. A watannin da ta yi a gidan yayarta suka fito, tun da ta tattara kayanta ta bar masa gidan.

"Gus, ajiye donot ɗin nan ka zo ka ga yadda ake yi," ta ce.

Gus, abokin Marlon tun suna sakandare, yana zaune a bakin gado cikin shigar wani kuku mai ƙaton ludayi, sukari ya ɓata masa gemu. Ya taso yana lasar yatsu.

"Me zan gani? Ai na gani. Mutumina ya ajiye tumbi, shi ke nan. Bara sulken nan da kansa yake rufewa, bana sai an haɗa da addu'a."

"Ji mai maganar tumbi," in ji Nadine. "Duba nan. Maɗaurin gwiwa ne farko, sannan na idon sawu. In ka juya su, kifawa zai yi. Igiyar kuma, fizga ɗaya tafiya, biyu tsayawa. Kana ji na kuwa?"

"Ɗaya, biyu. Na ji, ranki ya daɗe."

Marlon bai kawo komai a ransa ba. Ya ɗauka saboda lokacin da za ta zaga banɗaki take koya wa Gus. Hankalinsa yana kan hannunsa na hagu. A tafin safar sulken ya yanka wani ɗan murfi, a ƙarƙashinsa ya ɓoye zoben aurenta, wanda ta bari a kan faranti kusa da wurin wanke-wanke ranar da ta tafi. In ya ware yatsu, murfin zai buɗe. Yau da yamma, a kan dandamalin gasar masu shigar taurarin fim, zai durƙusa ya ware su, ya roƙe ta ta dawo gida.

Wanda bai kalli Masu Gadin Fitila ba bai san Banjiro ba, kuma yaran yanzu da yawa ba su kalla ba, tsohon anime ne, wato shirin zane mai motsi na talabijin. Banjiro ƙaton mutum-mutumin ƙarfe ne makaho, wata yarinya mai fitila, Yumeri, take jansa da igiya ruwan ɗorawa gari bayan gari suna neman wanda ya ƙera shi. Marlon ya yi shekaru yana gina sulkensa a gareji da tabarmin soso irin na ɗakin motsa jiki, da gam, da fenti, har soson ya koma kamar ƙarfe mai tsatsa. In ya shiga ciki kuwa, makantar ba ta wasa ba ce. Ta wata 'yar raga a bakin kwalkwalin yake ganin ƙasan da ke gaban ƙafarsa, iyakar ganinsa ke nan. Sauran duniyar tana hannun mai riƙe da igiya. Shi ya sa Nadine ta zo. Tun bara suka ba da sunansu a gasar, kuma ita ba irin mutanen da za su bar mutum a kan ƙafar katako ba ɗan jagora ba ce.

A wannan labarin ma suka haɗu. Akwai wani zaure a intanet inda masoya shirin ke ci gaba da labarin da kansu, kowa da ɗan wasan cikin labarin da yake riƙe, wannan ya rubuta nasa, wancan ya amsa masa. Marlon ke rubuta Banjiro, Nadine ke rubuta Yumeri. Da rana shi makanikin bas ne, mutumin da sai ya wuni bai ce uffan ba in ba "miƙo min sufana" ba. Amma da ya zauna a matsayin Banjiro sai magana ta ɓalle masa, har matan zauren su yi ta ƙorafin ya sa su kuka a wurin aiki. Maganar nan Nadine ta fara so, tun kafin ta ga fuskar mai ita.

Ko bayan ta bar gidan ba ta daina rubuta Yumeri ba. A makon jiya ma ta rubuta, "Muddin fitilata na ci, ba za ka yi tafiya kai kaɗai ba." Marlon ya karanta har ya haddace. To, kowa a harkarmu ta masoya irin wannan wasa ya san doka ta farko: abin da ɗan wasa ya faɗa daban, abin da ke zuciyar mai rubuta shi daban. Marlon da bakinsa ya sha jan kunnen sababbin shiga a kan haka. Da abin ya zo kansa, sai ya manta sarai.

Nadine ta sa gashin aronta shuɗi, ta kunna fitilarta, ta hau kujera ta ɗora masa kwalkwali. Duhu ya rufe shi. 'Yar fankar da ke ciki ta fara ƙugi a gefen kunnensa. Ya ji an ɗaura igiya a wuyan hannunsa na dama.

"Sunkuya, ga ƙofa," ta ce, sannan ta fizga sau ɗaya.

Asabar ce, babban zauren taron masoya irin waɗannan shirye-shirye a birnin Columbus ya cika maƙil. Marlon ba ya ganin fuskoki, sai ƙafafu: takalman sarakunan aljanu, kofatai na soso, jelar wani dila tana sharar ƙasa, silifas ɗin wata baiwar Allah da dogon takalmi ya gallabe ta ta cire. Amma yana jin ihun.

"Banjiro! Wayyo, ku zo ku ga Banjiro!"

"Kai, wa ya gina wannan? Soso ne? Ƙarya kake!"

"Don Allah zan iya ɗaukar hoto?"

Ba mai ɗauka sai ya tambaya, haka tsarin yake. Fizga biyu, Marlon ya tsaya, ya ɗaga hannu, a ɗauka. Fizga ɗaya, ya ci gaba. Zufa na bin bayansa, amma ransa fari tas. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan kaya ya san daɗin: mutumin da ake wucewa a titi ba a ko kalle shi ba, ga shi yau baƙi na kiransa da murna kamar ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Kuma igiyar tana hannun Nadine. Ya san fizgarta kamar yadda ya san sawunta a matakalar gida, mai sauƙi ce, da yatsu biyu take yi.

Kusa da rumfunan masu sayar da zane wasu takalman aiki masu ƙurar siminti suka tsaya a gabansa. Muryar babban mutum ce.

"Ba hoto nake so ba. Ni da ƙanena muke kallon shirin nan kullum in mun dawo makaranta. Bara ya rasu. In ba damuwa, in ɗan riƙe hannunsa?"

"Riƙe mana," in ji Nadine.

Marlon ya miƙa hannun dama. Ya danna maɓalli da haɓarsa, na'urar da ke kaurara masa murya ta kunnu, Banjiro ya yi magana a hankali.

"Ƙanenka bai ɓace ba, matafiyi. Gaba ya yi da fitila don ya duba mana hanya. Mu masu nauyin ƙafa ne, a hankali za mu iske shi."

Mutumin ya fashe da kuka, ya rungume sulken da ƙarfi har wani abu ya ce ƙas a kafaɗa. Ya yi ta godiya ya tafi. Igiyar ta daɗe ba ta motsa ba. Can sai fizgar ta zo.

"Kafaɗar ta ɓalle," in ji Gus. "Sai wurin Mama Yolanda."

Mama Yolanda tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ita ke riƙe da teburin gyara a wani lungu, da bindigar gam da allura da zare, kyauta take yi wa kowa. Ta ja su bayan labule, don ba a cire kan kaya a gaban mutane, musamman inda akwai yara. Suka zaunar da Marlon a kan doguwar kujera, Gus ya cire masa kwalkwali, Nadine ta sa masa gorar ruwa a baki.

"Ɗana, kai kullum sai an rungume ka an karya ka," in ji Mama Yolanda tana shafa gam. Ta danne kafaɗar, ta dubi Marlon, ta dubi Nadine da ke tsaye tana kallon bango. Tsohuwa ce, ta ga jiya. "Gam ɗin nan sai ya sha iska. Kai mai ludayi, zo ka raka ni in sami kofi."

"Ai ga kofinki nan a kan..."

"Na ce zo ka raka ni."

Suka fita, labulen ya koma.

"Ka gani, ka iya," in ji Nadine. "Mutumin da ba ka taɓa gani ba, ka ba shi abin da zai tafi da shi gida."

Marlon ya san inda maganar ta dosa. Bara Nadine ta yi ɓari, cikin ya riga ya tsufa har sun san mace ce, har sun yi wa ɗaki fenti. Ya ɗauko ta daga asibiti bai ce komai ba a mota. Ya dafa mata shayi, ya ja mata bargo, ya shige gareji. Da yamma ta buɗe zauren nasu a waya, sai ta tarar ya rubuta dogon shafi, Banjiro tsaye a bakin wani ƙaramin kabari yana magana. Duk 'yan zauren sun yi kuka. Ita kuwa a kan gado ta karanta, ita kaɗai, mijinta na bayan bango ɗaya da ita. Baƙi sun ji baƙin cikinsa kafin ta ji, kuma har ta bar gidan bai taɓa ambaton yarinyar a gabanta ba.

Ya gyara murya, ya saukar da ita ƙasa irin ta Banjiro.

"Yumeri, ko ƙarfe ma yana..."

Nadine ta dunƙule hannu ta ɗora a kanta. Alama ce da kowa a cikinmu ya sani: na fita daga wasa, ni ce da kaina.

"Babu Yumeri a nan. Nadine ce, matarka. Abin da nake rubutawa a zaure, don kada in bar mutane da rabin labari ne, ka fi kowa sanin haka. Na sami aiki can nesa, a birnin Tacoma, ƙarshen wata suke so in fara. Ban ba su amsa ba." Ta dube shi ido cikin ido. "Gaya min wani abu, Marlon. Ko mene ne. Amma da bakinka."

Ya buɗe baki. Ba kwalkwali, ba duhun da zai ɓuya a ciki, sai idanunta a kansa da hannunta a ka. Yana sonta har cikin ƙashinsa, kuma tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya dubi kwalkwalin da ke ajiye a gefe.

"Batirin fankar ya kusa ƙarewa," ya ce.

Ba ta sauke hannun nan da nan ba. Ta bar shi a ka, tana jira, har ya ga gwiwar hannunta ta fara rawa don gajiya. Sannan ta sauke. Ta buɗe jakarta ta ciro sabon batir, ta canza, ta gwada fankar da yatsa.

"To," ta ce. Ta ɗora masa kwalkwalin.

A cikin duhun ya yi ta ba kansa haƙuri. Ba komai, akwai dandamali. A can zai gyara komai.

Da yamma aka kira sunansu. Fizga ɗaya, ya hau gangaren, hasken fitilu ya shigo ta ragar, ihun mutane ya daki sulken har ya ji a ƙirjinsa. Kiɗa ya tashi. Suka yi wasan kamar yadda suka saba yi a gareji shekarun da gidansu ke da dariya: ta ja shi, ya yi tuntuɓe da gangan, ta juyo, ya tare mata iska da jikinsa. Suka iso ƙarshe, inda Banjiro ke gajiya ya durƙusa. Ta kawo kafaɗarta daidai inda hannunsa zai dafa, ya sauka a kan gwiwa ɗaya. Zauren ya yi tsit.

Ta ragar yana ganin takalmanta, ruwan ɗorawa, shi ya yi musu fenti da hannunsa. Ya miƙa hannun hagu a dunƙule. Abin da ya rage ya ware yatsu.

A nan ne ya ga yadda abin zai kasance, tiryan-tiryan. Zauren zai ɗauki ihu. Nadine za ta karɓa, don ba ta taɓa fasa wasa a kan dandamali ba, ko shekarar da ƙafarta ta gurɗe a tsakiyar wasa sai da ta kai ƙarshe tana murmushi. Yumeri za ta karɓi zobe daga hannun Banjiro, mutane su tafi gida suna ba da labari. Nadine kuwa za ta sauka hannu wofi, an sake ba baƙi abin da ita ta roƙa. Kunya ta rufe shi a cikin sulken. Ya ƙara damƙe hannun.

Ta dafa dunƙulen da tafinta, ta faɗi maganarta ta ƙarshe a wasan, da murya mai daɗi yadda na baya ma za su ji.

"Tashi, ƙato. Da sauran tafiya."

Tafi ya ɓarke. Ya miƙe, ta ja shi bayan labule. Fizga biyu, ya tsaya. Wurin duhu ne, cike da hayaniyar masu jiran a kira su, wani yana neman takobinsa, wata tana kukan fiffikenta ya karye. Ya ji igiyar ta yi sako-sako na ɗan lokaci, ya ji raɗa a gefensa, sannan aka ja shi zuwa gangaren sauka.

Ya danna maɓallin da haɓa ya kashe na'urar murya. Muryarsa ta gaskiya ta fito ta ragar, siririya, a dushe.

"Nadine. Ni ne. Ba zan iya ɗora hannu a ka ba, sulken ba ya bari, amma ni ne." Ya taka a hankali. "Na ɗinka wa 'yarmu riga. Irin ta Yumeri, 'yar mitsitsiya, har da 'yar fitila. Na so in ba ki mamaki. Tana cikin akwatin kayan aikina, a ƙasan sufanu. Ba aiki nake yi a garejin nan ba, Nadine. Zama nake yi ina kallonta. Na ji tsoron in na buɗe baki a gabanki ba zan iya rufewa ba, ke kuma kina da naki nauyin. Kada ki tafi Tacoma. Ko ki tafi da ni. Akwai bas a can ma, ai suna lalacewa."

Ba amsa. Ƙafarsa ta sauka a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Sai a lokacin ya lura da igiyar. Riƙon ya yi nauyi, da dukan hannu aka damƙe ta, kamar mai jan akuya. Ya sunkuyar da kai ya duba ta ragar. Baƙaƙen takalman kuku ne, da ɗigon sukari a kan ɗaya.

Wani ya ja majina.

"Mutumina," in ji Gus, muryarsa ta karye. "Ni ne. Tun a bayan labule ta miƙo min igiyar ta fita. Ta ce kada in gaya maka sai mun gama sauka, don kada ka faɗi ƙasa."

Marlon ya tsaya cak. Fankar tana ta ƙugi da sabon batirinta.

"Ta tura wa mutanen Tacoma saƙon ta karɓi aikin tun muna wurin Mama Yolanda," in ji Gus. "A gabana ta tura, bayan mun dawo daga neman kofi. Amma bari in kira ta. Wallahi duk abin da ka faɗa na riƙe, rigar, da akwatin, da bas ɗin, zan gaya mata ɗaya bayan ɗaya..."

"A'a."

"Haba, Marlon."

"Ta gaji da jin maganata a bakin wani."

Gus ya sake jan majina, ya goge da hannun riga.

"Ta bar min fitilar ma. Ban san ta inda ake kashe ta ba."

"Bar ta."

Wani ma'aikacin taro ya tura ƙofar da ke gabansu, yana roƙon su ba masu saukowa hanya. Haske da hayaniya suka shigo. Mutane sun taru a farfajiya suna jiran waɗanda suka gama wasa, ƙananan takalma na ta tsalle a gaba.

"Ga shi nan! Banjiro! Mama, ki tambaye shi hoto!"

Hawaye na bin fuskar Marlon suna shiga wuyan rigarsa, ba hannun da zai kai ya share, kuma ba a cire kai a gaban yara. Ya danna maɓallin da haɓa, ya gyara tsayuwa, hannun hagu a dunƙule. Gus ya fizgi igiyar sau biyu. Marlon bai motsa ba.

"Mu je mana," Gus ya raɗa masa.

"Biyu tsayawa ne," in ji Marlon. "Ɗaya ne tafiya."

Gus ya fizga sau ɗaya, da ƙarfi fiye da kima. Marlon ya ɗaga ƙafa.